Wa Ya Gaya Wa Baba? Tsofaffinmu Da Zancen Magani A Ƙetaren Gada

Kawuna yana da wata baƙar jakar leda da yake ratayewa a ƙusa bayan ƙofar ɗakinsa a unguwar Nasarawa, kusa da Kakuri. Asibitinsa ke nan. Da na je gaishe shi bayan Kirsimeti na tarar ƙafafunsa sun kumbura, sai na roƙe shi ya bar ni in zazzage jakar a kan tabarma. Abin da ya fito: katin asibiti guda biyu, ƙwayoyin hawan jini cikin kwali biyu masu launi dabam, wani ƙullin ƙwayoyi ja da fari da rawaya marasa suna, kwalbar wani baƙin ruwa mai ɗaci, 'yar kwalbar man zaitun, da wata takardar tsarin sujada wadda aka rubuta a bayanta da biro: tafarnuwa, citta, lemun tsami, zuma.

Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, "Kawu, wannan fa?" Ba wanda ya ce mini ya karanta labarinsa a wani wuri. Kowane magani da mai shi. Wannan likita ne ya rubuta. Wancan 'yarsa ce ta aiko daga Abuja. Ƙullin, yaron kemis ne ya haɗa masa saboda ciwon gwiwa. Baƙin ruwan, wani abokinsa da suka yi aikin masaƙa tare ya sha ya ji daɗi. Takardar kuwa wata mama ce ta ba shi a ƙofar majami'a bayan an tashi.

Da na duba kwalayen nan biyu da kyau, ashe magani ɗaya ne, amlodipine, kamfanoni ne kawai suka bambanta. Wata biyu ke nan yana shan kashi biyu kowace safiya, yana tsammani ɗaya na jini ne, ɗaya na zuciya. Kumburin idon sawu kuwa yana cikin abubuwan da aka san wannan magani da kawowa, balle an ninka shi.

Na fara da kawuna domin na san masu karatu da yawa suna da irin jakar nan a gidajensu. Sau da yawa mukan ce tsofaffinmu ba su da labarin kiwon lafiya. Ni ban yarda ba. Labari ya yi musu yawa ne. Ta kunne yake shigowa, daga safe har dare, kuma ba da abin da aka faɗa suke auna shi ba, da wanda ya faɗa ne.

Ya kamata mu tuna ko su wane ne waɗannan tsofaffi. Galibinsu aiki ne ya kawo su. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980. Samari suka yi ta kwararowa daga Zonkuwa, Kagoro, Kwoi, Kachiya, daga Filato da Binuwai da Adamawa, suka tarar da Gbagyi masu ƙasa, aka cika Makera, Kakuri, Television, Barnawa, daga baya Narayi, Sabon Tasha, Romi da Gonin Gora. A masaƙar da kawuna ya yi aiki akwai ɗakin shan magani na ma'aikata. In kanka ya yi ciwo, ka karɓi takarda wurin shugaban sashenka, nas ta duba ka, ta ba ka magani, ta gaya maka yadda za ka sha. Bakin da ke faɗa maka zancen lafiya ɗaya ne, kuma ka san inda yake.

Sai masaƙun suka fara mutuwa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta tsaya a 2007, tsofaffin ma'aikata da yawa suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu. Watau dai-dai lokacin da jikin mutanen nan ya fara neman likita, lokacin ne ƙofar da suka sani ta rufe.

Ba wai babu asibitoci a wannan gefen kogi ba. Akwai asibitin St. Gerard na Katolika da asibitin Gwamna Awan, duka a yankin Kakuri, akwai babban asibitin Sabon Tasha, akwai asibitin Tarayya na masu taɓin hankali da ciwon jijiya a Barnawa, ga ƙananan asibitocin unguwa da na kuɗi birjik. Amma asibitin koyarwa na Barau Dikko, da Cibiyar Ido ta Ƙasa, da Cibiyar Kunne ta Ƙasa, duk sai an haye gada. Bayan rikicin shekarar 2000 da na 2002, sa'ad da garin ya rabu kusan gida biyu, akwai tsofaffin da suka daɗe ba sa son ƙetarewa. Yau abin da ya fi hana su shi ne kuɗin mota da gwiwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, tsohuwar da ke Unguwan Boro sai ta yi lissafi sau biyu kafin ta je a duba mata yanar ido, ga shi kuma dole ta biya wa jikan da zai riƙe mata hannu.

To, a ce ma ta je. Ta yi sammako, ta bi layin kati, ta zauna a benci har rana ta take. Likita ya gan ta na 'yan mintoci, ga mutane cike a waje suna jira. Ya rubuta da Turanci, da rubutun da ko mu 'yan boko ba ma iya karantawa. In ya yi mata bayani da Hausa, a tuna fa Hausar nan ba harshen uwarta ba ne, wataƙila ba na uwar likitan ba ne shi ma. Ita Bajju ce ko Atyap ko Ham ko Adara, Hausa ta kasuwa da ta sujada ta iya. Kuma tarbiyyarta ba ta yarda a tsare babban mutum da tambaya ba, sai "to, likita, na gode." Sai bayan wata uku za ta sake ganinsa. A cikin wata ukun nan za ta ji zancen ciwonta daga bakin mutum ashirin.

Akwai wata matsala da ke cikin kalmar "magani" kanta. A tunaninmu magani abu ne da ake sha a warke a bari. Haka zazzaɓin cizon sauro yake, haka tsutsar ciki. Amma hawan jini da ciwon suga ba haka suke ba. Ƙwayar ba ta kore su, riƙe su take yi, kamar yadda ake ɗaure akuya. Ran da aka kwance igiya, ta koma gonar. Tsoho ya sha ƙwaya wata guda, an auna jini an ce ya sauka, sai ya ce mun gode Ubangiji, ya ajiye. Da ya sake tashi sai ya ce maganin asibiti ba ya aiki, tun da bai warkar ba. A nan ne mai lasifika ke cin kasuwarsa, domin shi kaɗai ne ke yin alkawarin warkewa kwata-kwata.

Bugu da ƙari, mutanenmu suna jiran hawan jini ya yi musu sallama da ciwon kai ko jiri. Yawanci ba ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba. Awo ne kaɗai ke nunawa, kuma in an auna a ranaku dabam-dabam ana samun 140 bisa 90 ko fiye, to akwai magana.

Mu dawo kan waɗanda ke gaya wa Baba abin da zai sha. Na farko shi ne mai kemis na bakin layi. Ba na zaginsa. Shi ne ke buɗe da ƙarfe tara na dare, shi ke ba da bashi, shi ke sayar da ƙwaya huɗu ga wanda ba shi da kuɗin talatin, kuma yana kiran tsoho Baba, yana sauraronsa. Amma lasisin irin waɗannan shaguna na sayar da ƙananan magunguna ne kawai waɗanda ba sa bukatar takardar likita, kuma mai shagon ba mai ilmin harhaɗa magunguna ba ne. Haɗin da ake ƙulla wa tsofaffi saboda ciwon jiki sau da yawa yana ɗauke da diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, wani lokaci biyu a haɗe, wani lokaci har da dexamethasone ko prednisolone. Gwiwa takan lafa, gaskiya ne. Amma in an daɗe ana sha, na farkon suna cin ciki har ya yi jini, suna raunana ƙoda, suna ta da hawan jini. Na biyun kuma suna ta da suga. Mai hawan jinin da ke shan haɗin nan kullum yana zuba ruwa ne a kwando. Kuma tun da an ɓare ƙwayoyin daga kwalinsu, ko ya kai wa likita ba lalle a gane su ba.

Na biyu shi ne rediyo, abokin hirar tsofaffi tun ba yau ba. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna da na jiha da tashoshin FM sukan gayyato likitoci a yi musu tambaya ta waya, sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare ma suna da filayen lafiya, kamar "Lafiya Jari" na Muryar Jamus. Waɗannan suna da amfani ƙwarai. Illar ita ce akwatin da likita ya yi magana a ciki da safe, shi ne mai tallar magani zai sayi fili a ciki da yamma, kuma tsohon da ya girma a zamanin da abin da rediyo ya faɗa ya zauna ba ya raba filin da aka biya kuɗi da wanda ba a biya ba.

Mai talla yakan ce maganinsa yana da lambar NAFDAC, sai hankali ya kwanta. A nan akwai abin lura. Hukumar, wadda aka kafa a 1993, tana ba yawancin magungunan gargajiya lamba ne mai ƙarewa da harafin L, abin da take nufi kuwa shi ne an duba ba a ga guba ba a gwajin da aka yi. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka lissafa a jikin kwalbar. A watan Yuni na 2023, bayan wani binciken 'yan jarida, hukumar ta rufe wurin da ake haɗa wani ruwan magani da ya yi suna ƙwarai a nan Kaduna da Abuja, wanda aka fi sani da Baban Aisha. Bayanin da ta yi shi ne an amince da shi ne domin basur, amma ana tallarsa a kan cututtuka barkatai. Gidaje nawa ne a Kakuri da Sabo ba a taɓa ganin irin wannan kwalba ba?

Na uku ita ce waya. Yawancin tsofaffinmu ba sa neman kome a intanet, intanet ce ke zuwa ta same su. 'Ya a Legas ko ɗa a Ingila ya sayo babbar waya, jika ya saka WhatsApp, sai ga Mama a zauren Zumuntar Mata, da na ƙungiyar ƙauye, da na 'yan fansho. Ido ya yi rauni, saboda haka saƙon murya da bidiyo sun fi shiga. Kuma saƙon ba ya zuwa da sunan wanda ya ƙirƙiro shi, da sunan wadda ta turo yake zuwa, ita kuwa mutuniyar kirki ce da aka yi shekara talatin ana zama benci ɗaya da ita.

Wanda ya manta abin da irin wannan ke jawowa, ya tuna farkon watan Agusta na 2014. Cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yuli. Cikin dare ɗaya waya ta yi ta ƙara a duk faɗin ƙasar nan: a tashi kafin gari ya waye a yi wanka da ruwan gishiri mai zafi, a kuma sha. Ba maƙiyi ne ya kira kowa ba, 'ya'ya ne suka kira iyaye, iyaye suka kira 'ya'ya. Aƙalla mutum biyu suka mutu, aka kwantar da wasu a asibiti, alhali Ebolar ba ta ko iso Kaduna ba har aka sanar da ƙarewarta a Nijeriya ranar 20 ga Oktoba na wannan shekara. Ga mai hawan jini ko mai raunin ƙoda, kofin ruwan gishiri ba wasa ba ne. A watan Maris na 2020 kuma, da shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yabi chloroquine a kan cutar korona, cikin 'yan kwanaki hukumomin lafiya na Legas suka ba da labarin mutanen da aka kawo asibiti saboda sun sha ya yi musu yawa.

Ba duk abin da ake turowa ne ƙarya tsagwaronta ba, abin da ke sa shi wuyar sha'ani ke nan. Zogale da shuwaka abinci ne masu kyau. Zoɓo ma an yi ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna yana ɗan sauke jini, in ba a cika shi da sukari ba. Ɓarnar tana cikin jimlar ƙarshe ta saƙon, inda ake cewa a sha wannan a bar ƙwayar Bature. Abin mamaki kuma, shawarar da ta fi kowace tabbas ba ta cika yawo ba: gishirin da babban mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma a lissafa har da wanda ke cikin dunƙulen miya da kanwa. Ban taɓa jin an turo wa kawuna wannan ba.

Yanzu sai na huɗu, mu kanmu. Ba inda tsofaffin wannan yanki ke taruwa kowane mako ba fashi kamar majami'a. Abin da magatakarda ya karanta a sanarwa, ko Uwar Zumunta ta faɗa ran taron mata, ya fi takardar asibiti nauyi. An ga amfanin wannan a 2021 da rigakafin korona ya iso: inda shugabannin ikilisiya suka miƙa hannu a gaban jama'a, tsofaffi sun bi; inda aka yi ta raɗe-raɗi, sun noƙe. Ikilisiyoyi da dama suna shirya ranar gwaji kyauta, a auna jini da suga, a raba tabarau. Madalla. Amma sau ɗaya a shekara ne, ran Litinin kuma wanda aka ce jininsa ya hau ba shi da wanda zai koma wa.

Akwai abubuwa biyu da ba mu cika son taɓawa ba. Na farko shi ne shaida. Wani ya tashi ya ce an yi masa addu'a, ya zubar da ƙwayoyinsa, jama'a ta yi tafi. A bayan majami'a akwai tsohuwa mai ciwon suga tana ji, tana tambayar kanta ko ƙwayar da ke jakarta alamar ƙarancin bangaskiya ce. Ba wanda ya ce mata ta bari, amma ta ji abin da aka yi wa tafi. Wanda ya yi shaidar, in ya faɗi bayan wata shida, ba a karanta wannan a sanarwa. Ikilisiyoyin da suka gina asibitoci a Kagoro da Zonkuwa da Kakuri, suka kafa ƙungiyar asibitocin Kirista ta CHAN a 1973, ba su taɓa ganin gaba tsakanin addu'a da allura ba. Mai jagorar sujada yana iya karɓar shaidar, ya ƙara jimla ɗaya cewa a koma a gwada kafin a ajiye magani.

Na biyu shi ne azumi, na farkon shekara da na kwana arba'in. Mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin, in ya sha magani bai ci abinci ba, sugansa yana iya faɗuwa ƙasa warwas: rawar jiki, gumi, jiri, ruɗewa, har suma. Taimakon gaggawa, in yana iya haɗiya, shi ne ruwan sukari ko lemun kwalba nan take. Na sha ganin tsofaffi suna ɓoye wannan don kunya. A dokar Katolika, wajibcin azumi yana sauka daga kan mutum da ya shiga shekara ta 60, marar lafiya kuwa an ɗauke masa. Sauran ɗarikoki ba su da irin wannan doka a rubuce, saboda haka sai an faɗa da baki daga bagade kafin tsoho ya yarda an sauwaƙe masa.

Wani abin da ya kamata a riƙa faɗa daga wurin nan shi ne alamun shanyewar ɓarin jiki, domin a gida yake samun mutane, sau da yawa da asuba. Baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe. Abin da aka saba shi ne a kira maƙwabta, a shafa mai, a ɗura masa wani abu, a jira a ga yadda rana za ta yi. Kada a ɗura masa kome, yana iya shaƙewa. A yi addu'ar a cikin mota.

'Ya'yan da ke nesa su ma suna da nasu laifin, na alheri. Sukan aiko da na'urar awon suga, ba wanda ya nuna yadda ake karanta ta. Na'urorin nan iri biyu ne: wata tana nuna 7, wata tana nuna 126, kuma awo ɗaya ne, ana ninka na farkon sau 18 ne a sami na biyun. Wannan adadi, in an auna da safe kafin a ci kome, shi ne iyakar da likitoci ke fara zancen ciwon suga. Tsohon da ya saba jin "shida" a asibiti, ya ga 110 a na'urar gida, zai kwana bai yi barci ba a banza. Sukan kuma aiko da magani da sunan kamfani maimakon sunan maganin kansa, wanda ke rubuce da ƙananan haruffa a ƙasa. Ta haka kawuna ya sami kwalinsa na biyu.

Zancen kuɗi kuwa ba sai na faɗa ba. Tun daga 2023 farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo, tsofaffi da yawa suna shan ƙwaya yau su tsallake gobe don ta kai ƙarshen wata, kuma ba sa gaya wa likita. Shi kuma ya ga jini bai sauka ba ya ƙara wani magani mai tsada. Jihar Kaduna tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KADCHMA, tun 2018, kuma akwai tanadi domin masu rauni, har da tsofaffi. Ya dace dattawan ikilisiya su je ofishinta su ji sharuɗɗan da kunnensu, su zo su karanta a sanarwa da Hausa.

Kusan kowace majami'a a Barnawa ko Television ko Sabon Tasha tana da nas ko unguwarzoma da ta yi ritaya tana zaune a cikin Zumuntar Mata. Ita ce mutumin da muke nema: tana da ilmin asibiti, tana da furfura, tana jin Hausa da yaren gida, kuma ba a jin kunyar tambayarta. Tebur ɗaya a ƙarƙashin bishiya bayan sujada, na'urar awon jini ɗaya, sau ɗaya a wata, kowa ya zo da jakar ledarsa. Ba za ta rubuta magani ba, wannan aikin likita ne. Za ta ce wannan da wannan abu ɗaya ne, wannan tarin da ya hana ka barci mai yiwuwa lisinopril ne ya kawo shi, koma a canza maka, kada ka bari da kanka.

Wurin irin wannan mama na kai kawuna, da yake layinsu ɗaya. Ta ware kwali ɗaya gefe, ta zubar da ƙullin kemis, ta sa ya yi alkawarin komawa asibiti ran Talata da jakar gaba ɗaya. Ta sa na sayo littafin rubutu na 'yan firamare, ta ja layi uku: rana, awo, abin da aka sha. A shafin farko ta rubuta sunan maganinsa da manyan haruffa, a na ƙarshe tambayoyi uku da zai yi wa likita. Man zaitun ta mayar masa cikin jaka. Baƙin ruwan ne suka yi ta ja-in-ja a kai, yana cewa, "Mama, mutumin nan fa tare muka yi shekara ashirin a kan inji ɗaya, ba zai cuce ni ba." Ta ce ta sani, shi ma a turo mata shi da tasa jakar.

Da na koma a watan Fabrairu kumburin ya saɓe. Littafin yana rataye a ƙusa ɗaya da jakar, an cika shafi huɗu, da rubutun jikarsa 'yar aji biyar. Kwalbar baƙin ruwan tana kan taga, rabi, kamar yadda na bar ta.